Yatsu Biyu da Faifan Kakana

A cikin adakar kakana, wanda ya yi fataucin goro a Kumasi, na tarar da wani faifan garmaho da ya rabe gida biyu, rubutun kansa ya goge. Mahaifiyata ta tuna cewa kiɗan jita ne, kuma tsohon yakan saurare shi da la'asar. Wannan faifai ne ya sa ni bin sawun makaɗan jita na farko a gaɓar tekun Afirka ta Yamma.

Jita baƙuwa ce, jiragen ruwan Turawa suka kawo ta. Amma 'yan ƙabilar Kuru na Laberiya, masu aiki a jiragen, su suka sauya mata harshe. Da yatsu biyu suke kaɗa ta: babban yatsa yana riƙe da amo mai kauri, manuni yana tsinkar tsirkiya mai zaƙi, har mai sauraro ya zaci makaɗa biyu ne. Daga Firitawun zuwa Legas salon ya yaɗu a mashayar bammi, inda ya samo sunansa na kiɗan bammi.

A 1928 Kwame Asare, wanda aka fi sani da Jacob Sam, ya je Landan da ƙungiyarsa ta Kumasi Trio, kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙinsu. Cikinsu akwai "Yaa Amponsah", wadda tsarin kiɗanta ya zama ginshiƙin hailaif na jita a Gana. A Legas kuwa, Tunde King ya shiga faifan Parlophone a 1936, daga nan juju ya fara bunƙasa. Babu lantarki a jitarsu, kuma fuskar faifai ba ta ɗaukar fiye da kimanin minti 3, don haka dole mawaƙi ya taƙaita zancensa ya kuma tsabtace bugunsa.

Da jitar lantarki ta shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai tsohon salon ya ja baya, in ban da irin su Koo Nimo da S. E. Rogie da suka riƙe shi.

Abin da ya dame ni shi ne, mun san sunayen kaɗan ne kawai, waɗanda kamfanoni suka ga riba a muryarsu. Sauran sun tafi da kiɗansu. Faifan kakana yana nan na naɗe shi a ƙyalle, ina neman mai iya haɗa shi, ko Allah zai sa in ji abin da tsohon yake ji.