Tekun da Ya Kwana a Ƙasar Sakkwato

A kan hanyar Mando, a arewacin birnin Kaduna, akwai Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. A nan ake horar da masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da masu haƙa rijiyar burtsatse. Abu na farko da mai wannan sana'a yakan gane shi ne cewa ƙasar Arewa ba iri ɗaya ba ce. Idan aka kafa injin haƙa a Mando, bayan jar ƙasa da marmara sai ya ci karo da dutse mai tauri, wanda ya haura shekara miliyan 500 da samuwa, kuma mafi yawan ruwan yana cikin ruɓaɓɓen samansa ne da tsagoginsa. Amma idan aka kai injin Goronyo ko Wurno, abin da zai riƙa fitowa daban ne: rairayi mai laushi kamar gari, baƙar laka, farar ƙasa, wani lokaci har da ɓawon halittun da ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. Tsakanin Sakkwato da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 700. Me ya kawo su nan?

Kafin a samu amsa sai da aka fahimci wani irin wuri da babu kamarsa a ƙasar Hausa ta yau. A wasu gaɓoɓin teku masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ruwa yakan cika ya janye sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata yake yi masa. Idan ya janye sai ya bar fili na taɓo da rairayi iyakar ganin ido. Bayan kimanin sa'a 6 ya dawo ya rufe shi. Za mu iya kiran wurin fadamar teku, domin kamar fadama yake, sai dai damina da raninsa duk a yini guda suke ƙarewa. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka kufai ne. A cikin taɓon kuwa akwai tsutsotsi da ƙaguwa da ƙumba suna haƙa ramuka, ƙananan kifaye suna girma a kududdufai, tsuntsaye kuma suna sauka su ci su ƙoshi kafin su ci gaba da ƙaura.

Mafi girman irin wannan wuri shi ne Tekun Wadden, a gaɓar Holan da Jamus da Denmak. A 1928 wani masanin duwatsu Bajamushe mai suna Rudolf Richter ya kafa cibiyar bincike a garin Wilhelmshaven, a bakin wannan taɓo. Hujjarsa ita ce wanda yake son karanta tsohon dutse sai ya fara zuwa ya ga yadda laka take kwanciya a yau, da irin sawun da kowace halitta take bari. Shekara da shekaru almajiran cibiyar suna yanka taɓo suna duba cikinsa. Sun gano cewa lokacin da ruwa yake gudu rairayi yake ajiyewa, idan ya tsaya cik kafin ya juya sai laka ta kwanta a kai. Sakamakon haka ƙasar takan fito hawa-hawa, siririn rairayi da siririyar laka suna bin juna kamar saƙar zane. A 1968 Reineck da Wunderlich suka rarraba ire-iren wannan saƙa, suka ba kowace suna. Da wannan ilimi aka karanta duwatsun Sakkwato daga baya.

Turawan mulkin mallaka ma'adinai suka zo nema. Daga 1904 zuwa 1909 masu binciken ma'adinai sun zagaya Arewa, kuma a 1911 ɗaya daga cikinsu, John Falconer, ya wallafa littafi kan duwatsun Nijeriya ta Arewa. A 1919 aka kafa Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, wadda daga baya Kaduna ta zama mazauninta. Ma'aikatanta suna tsintar ƙasusuwa a tuddan lardin Sakkwato suna aikawa Turai. A 1925 Franz Nopcsa ya yi rubutu a kan wasu daga cikinsu. A 1930 Raeburn da Tattam suka fitar da rahoto kan duwatsun lardin, a shekarar kuma William Swinton na gidan tarihin halittu da ke Landan ya tabbatar da cewa wasu ƙasusuwan na wata ƙatuwar dabbar teku ce, dangin damo da guza, wadda ta ɓace daga duniya tuntuni.

Bayan samun 'yancin kai aikin ya dawo hannun 'yan ƙasa. Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya shafe shekarun 1970 yana bin tudu da kwazazzabo a yankin Rima. Duwatsun wurin sunayen garuruwa aka ba su, daga ƙasa zuwa sama: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, sannan Gwandu. Wanda ya bi su a jere kamar ya bi tarihin tekun ne daga zuwansa har tafiyarsa.

A hawan Taloka an ga rairayi mai laushi da laka suna bin juna, ga alamun kaɗawar ruwa, ga ramukan halittu masu haƙa taɓo sun cika sun daskare. Irin saƙar da aka gani a Wadden ce, abin da ya sa aka fahimci cewa wurin fadamar teku ne a da. A samansa hawan Dukamaje yana da baƙar laka da ƙasusuwan kifaye da na dabbobin ruwa, alamar ruwa ya ƙaru ya rufe gaɓar. Akwai kuma jifsam a cikinsa, ma'adinin da yakan samu inda ruwan gishiri ya ƙafe da zafin rana. Hawan Wurno ya sake komawa kamar na Taloka, wato teku ya ja baya. Duk wannan ya faru ne tsakanin shekara miliyan 72 zuwa miliyan 66 da suka wuce. Ruwan daga arewa ya shigo, daga tsohon tekun Tethys wanda Bahar Rum ta yau ragowarsa ce, ya ratsa Sahara ta ƙasashen Mali da Nijar. Garin Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda aka binne shi a 1837, a kan gaɓar wannan teku yake zaune.

Wajen 1970 wata tawaga daga Jami'ar Florence ta Italiya ta tono ƙoƙon kan dabbar nan da Swinton ya bayyana, a ƙasar Goronyo. A 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka ga ta bambanta da danginta, suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Tana da dogon baki irin na kada da ƙananan idanu, wanda ya sa masana suke ganin a gurɓataccen ruwa mara zurfi take farauta. A 1975 Beverly Halstead ya bayyana wani kadan teku daga yankin, ya kira shi Sokotosuchus.

Teku ya sake dawowa daga baya, lokacin manyan dabbobin nan sun riga sun ƙare. A wannan karon ruwan ya fi tsabta da ɗumi, halittu masu ɓawo suka yawaita, ɓawonsu ya taru ya zama farar ƙasar Kalambaina. Daga nan ya janye bai sake komowa ba, koguna suka shimfiɗa rairayin Gwandu a kan abin da ya bari.

Har yau mutanen yankin suna cin gadon wannan teku. Kamfanin siminti da aka kafa a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, ɓawon halittun nan yake ƙonawa. Duk ginin da aka yi da simintin Sakkwato akwai rabon teku a bangonsa. Ruwan sha ma haka ne. Binciken da Anderson da Ogilbee na hukumar duwatsu ta Amurka suka wallafa a 1973 ya nuna cewa rairayin Taloka da na Wurno suna riƙe ruwa, lakar Dange kuma tana tare shi a cikin farar ƙasar Kalambaina, inda rijiyoyi da idanun ruwa suke samu. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma a Sakkwato mai tonon yana bukatar sanin wane hawa ne rairayin gaɓa, wane ne lakar da ba ta ba da ko ɗigo.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne shaidar kanta. Ƙasusuwan da Swinton ya duba suna Landan, ƙoƙon kan Goronyosaurus yana Florence. Yaron da aka haifa a Goronyo zai iya gama makaranta bai taɓa jin cewa akwai dabbar da duniya ta sani da sunan garinsu ba. A wuraren fasa dutse kuwa, abin da ya kwana shekara miliyan 60 a ƙasa cikin daƙiƙa guda yake zama gari. Babu mai cewa a daina yin siminti. Amma ana iya ware tudu ɗaya ko biyu a Taloka da Dange a hana taɓa su, a ba ɗaliban jami'o'in Sakkwato da Zariya damar tsintar abin da ya fito kafin injin niƙa ya haɗiye, a kuma ajiye shi a inda 'yan makarantar yankin za su gani su taɓa da hannunsu.