Daga Zagi zuwa Gudun Fanfalaƙi: Tarihin Doguwar Ƙafa a Suleja

Ranar hawan Sallah a Suleja ido yana kan dawakai ne, da alkyabba, da laima, da Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja. Ba kasafai ake kula da mutanen da ke gaban dokin sarki a ƙasa ba, wato zagage, masu share hanya da ɗaukar kayan sarki a kafaɗa. Yau aikinsu na ɗan lokaci ne, daga filin Idi zuwa ƙofar fada. A da kuwa, duk inda doki ya sa kofato zagi ya riga shi sa ƙafa, ko rangadi ne ko yaƙi. In doki ya ɗauki sassarfa, shi ma ya ɗauka. Ba a auna masa nisa, ba a duba masa agogo, balle a rataya masa lambar yabo in an isa.

Garin ma kansa doguwar tafiya ce ta haife shi. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso Zazzau a farkon ƙarni na 19, tarihin masarautar ya nuna cewa Sarki Muhammadu Makau yana bayan gari wurin sallar Idi aka rutsa da shi, bai samu komawa cikin birni ba. Ya yi kudu da jama'arsa har Zuba, ƙasar Koro, tafiyar sama da kilomita 200. Sarakai suna kan dawakai, amma barori da mata da yara ƙafa suka taka. Makau ya rasu a 1825 a wajen yaƙi kusa da Lapai, ƙaninsa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828, shekara ta zagayo aka fara gina ganuwa. Wannan Abujar ce ta bar wa sabon babban birnin ƙasa sunanta bayan dokar da gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa a Fabrairun 1976, ita kuma ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

A zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, aka fara cinikayya da Bida da Zariya, fatake suka samu hanyar shigowa. Su ne gwanayen tafiya na ƙasar Hausa. Ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, yakan yi watanni kafin ya dawo, madugu yana shugabanta, jagaba yana nuna hanya, ana yada zango ana tashi. Masu niyyar Makka kuma wasu shekaru suke yi a hanya, ta Borno da Wadai da Darfur, suna noma da ƙodago suna ƙara gaba. Da Turawa suka shigo Abuja a 1902, ba su zo da mota ba. 'Yan alabaru ne suka ɗauko musu akwatuna da harsasai da gadon tafi-da-gidanka, kowa da kayan da ya kai fam 60 a ka, kilo 27 ke nan. Wasiƙun gwamnati ma da ƙafa ake kai su daga wannan bariki zuwa wancan, har jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma garuruwan da dogo bai ratsa ba, irin su Abuja, sun daɗe bayan nan suna dogara da ƙafar talaka.

Abin lura a duk wannan jeri shi ne babu mai yin tafiyar don sha'awa. Zagi bara ne, ɗan alabaro ɗan ƙodago ne, wani lokaci ma na tilas. Babba a ƙasar Hausa hawa yake yi, in ya sauka kuma ya yi taku cikin ƙasaita. Gudu na yara ne da manzanni da wanda aka biyo. Karin maganarmu ma haka ta ɗauke shi: in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Shi ya sa har gobe magidanci in ya fito da gajeren wando yana haki a bakin titi, sai wani dattijo ya tsaya da carbinsa ya ce, "Kai ɗan nan, lafiya? Wa ya biyo ka?" Shi kuma ya rage gudu ya ce, "Lafiya lau Baba, motsa jiki ne." Dattijo ya girgiza kai ya ce, "To, Allah ya ba da lada," ya wuce, bai gamsu ba.

A Turai ma asalin abin ba na masu hali ba ne. Labarin da aka gina gudun fanfalaƙi a kansa na ɗan aike ne, wanda aka ce ya sheƙo daga filin yaƙin Maraton zuwa birnin Atins a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, ya faɗi albishirin nasara, ya yanke jiki ya faɗi. Masana tarihi suna da ja a kan wannan ƙarshen. Abin da Herodotas ya rubuta shi ne an aiki wani mai gudu daga Atins zuwa Sparta neman gudummawa, nisan da ya kai kilomita 240, ya isa washegari. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atins a 1896, wani malami Bafaranshe, Michel Bréal, ya ba da shawarar a yi tsere don tuna labarin. Wanda ya ci, Spyridon Louis, ɗan ga-ruwa ne, ya gama kimanin kilomita 40 cikin awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50. Nisan nan na kilomita 42 da mita 195 kuwa daga gasar Landan ta 1908 ya samo asali, daga fadar Windsor zuwa filin wasa, aka tabbatar da shi a 1921. Baƙar fatar Afirka na farko da suka shiga tseren Olamfik, Len Taunyane da Jan Mashiani, 'yan ƙabilar Tsuwana ne daga Afirka ta Kudu, a 1904. Abebe Bikila na Habasha, da ya ci zinare a Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, dogari ne a rundunar tsaron Sarki Haile Selassie. Da a fadar Zazzau aka haife shi, ina jin zagi za a yi da shi.

Juyin ya zo ne a shekarun 1970 a Amurka, lokacin da zaman ofis da mota da ciwon zuciya suka fara tsorata masu albashi. Tseren Niyok na farko, a 1970, mutum 127 suka tashi, 55 suka gama, kuɗin shiga dala ɗaya. Yanzu masu gamawa sun haura 50,000 a shekara, kuma kusan dukkansu sun san ba za su ci ko sisi ba. Likitoci ne da akawuna da malaman makaranta da kakanni. Mata sun sha fama kafin a ba su wuri: a Boston a 1967 wani jami'in gasa ya bi Kathrine Switzer yana ƙoƙarin fizge lambar da ke rigarta, kuma sai a 1984 aka sa gudun fanfalaƙi na mata a Olamfik. Abin da a da ake biyan talaka ya yi, ya koma abin da mai hali ke biya a bar shi ya yi.

Najeriya ta fi suna a gajeren tsere, amma ba ta rasa 'yan dogon zango ba, kuma yawancinsu daga Arewa suke. Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci ƙasar a gudun fanfalaƙi na Olamfik a Koriya ta Kudu a 1988. A 1990 Abbas ya yi awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, bajintar da ta shafe sama da shekara 30 ba ɗan Najeriyar da ya karya ta. Wannan abin yabo ne gare shi, abin kunya kuma ga masu kula da wasanni, domin a tsawon wannan lokaci duniya ta yi nisa, har Kelvin Kiptum na Kenya ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023. 'Yan Filato, musamman na yankin Pankshin mai tsaunuka da sanyi, su suka riƙe tutar a gida, irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam.

Gasar da ta buɗe wa gama-gari ƙofa ta zo a makare. An fara tseren hawan dutse na Obudu a Kuros Riba a 2005, sai na kilomita 10 a Okpekpe ta jihar Edo a 2013. Ranar 6 ga Fabrairun 2016 aka yi gudun fanfalaƙi na Legas karo na farko a sabon tsarinsa, daga filin wasa na Surulere, a haye doguwar gadar nan ta Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Abraham Kiptum na Kenya ya tafi da dala 50,000, dubban 'yan gida kuma suka tafi da ciwon cinya da hotuna a waya. Kaduna ta yi nata na kilomita 21 a Nuwamban 2020, Abuja ta yi cikakke na ƙasa da ƙasa a Afrilun 2023. Waɗannan biyun su ne a ƙofar gidan mutumin Suleja.

Wanda bai san nisan kilomita 42 ba, ya ƙaddara ya tashi daga kasuwar IBB, ya wuce gindin Dutsen Zuma, ya bi Madalla, ya ratsa Zuba, ya hau babban titin Kubwa ya miƙe. Kafin ya cika adadin ya shiga cikin birnin Abuja. Hanyar da dubban ma'aikata ke bi kowace safiya a mota ke nan, tun da tsadar haya ta mayar da Suleja da Madalla da Gauraka makwancin masu aiki a birnin tarayya. Kuma daga cikin irin waɗannan mutane ne masu gudun sha'awa ke fitowa: mutum ya yi awanni a cunkoso safe da yamma, ya wuni a kujera, tumbi ya fito, likita ya ce masa hawan jini ko suga ya fara leƙo shi. Burinsa na farko ba ya wuce ya zaga unguwa ba tare da ya dafa bango ba. In ya ɗore, sai ya fara ƙirga kilomita a wayarsa, 5 ta zama 10, wata rana ya ji ana rajistar tseren Kaduna ya ce me zai hana. Akwai kuma samari masu shirin shiga soja ko ɗan sanda, waɗanda gudu ke cikin gwajin da ake yi musu. Su ba sha'awa ce ta fito da su ba, zagagen wannan zamani ne, abinci suke nema da ƙafarsu.

Lokacin mai gudu a Suleja ƙanƙane ne. Daga sallame sallar asuba zuwa sa'ar da 'yan acaba da Keke NAPEP za su cika titi, shi ke nan. Da hunturu ƙura ta shiga maƙogwaro, leɓe ya tsage. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, rana tana ɗagowa an gama magana. Da azumi wasu su koma bayan tarawihi, wasu su jingine takalmin sai bayan Sallah. Ƙasar ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, hawa da gangara ne ko'ina, abin da masu horarwa ke nema da kuɗi a wasu wurare. Matsalar ita ce gefen titi: kwata ce a buɗe, ko teburin mai shayi, ko tirela a fake. Ga mace kuwa, ko ta sa dogon hijabi da wando har idon sawu, idon jama'a ya fi tudu wahalar hawa, shi ya sa masu yi suka fi son fita cikin rukuni ko zagaya filin makaranta.

A ranar tsere, abin da ke ba sabon shiga mamaki ba farko ba ne. Farko daɗi gare shi, ga kiɗa ga jama'a, ƙafa tana ta roƙon a sake ta, kuma nan ne sauri ke haifar nawa. Jiki yana ajiye makamashi mai saurin ƙonewa a hanta da tsoka, wanda yakan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35. Daga nan sai ya koma ƙona kitse, shi kuwa a hankali yake ba da ƙarfi. Sai mutum ya ji ƙafafunsa kamar an ɗaura musu buhun masara, gishiri ya bushe fari a fuskarsa, lissafin kilomitan da suka rage ya gagare shi. Ƙwararru sun daɗe da karɓar kyauta sun yi wanka, shi yana nan awa ta biyar, yana gudu daga wannan turken lantarki zuwa wancan, ya taka na gaba, ya sake ɗauka. Bayan kwana biyu sauka daga bene sai da baya-baya.

Duk da haka, a ganina zuciyar mutumin Arewa ta fi karkata ga tattaki a kan tsere. A Afrilun 2015, da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja cikin kusan mako uku don cika alkawarin da ya ɗauka in Muhammadu Buhari ya ci zaɓe, jama'a sun yi ta tarbarsa a garuruwa, aka raka shi cikin birni da ɗimbin mutane, wasu da dama kuma suka kwaikwaye shi a watannin da suka biyo. Ba wanda ya tambaye shi wa ya biyo shi. Tafiya mai niyya da alkawari abu ce da muka gada daga mahajjata da fatake, mun san darajarta. Gudun da ba a aiki mutum ba, ba a kuma kore shi ba, shi ne baƙon.

Kuma mafi juriyar ƙafa a ƙasar Suleja ba sa cikin jerin masu rajista. Matan Gwari ne da ke shigowa kasuwa da itace da doya a kafaɗa, kamar yadda al'adarsu ta hana ɗora kaya a ka, da 'yan ga-ruwa masu tura kura cike da jarkoki a kan tudu, da Fulanin da ke bin shanu daga safe zuwa magariba. Ba su da kuɗin takalmin gudu, ba su da safiyar Asabar da za su bayar kyauta, kuma in aka ce musu a zo a yi gudu a ba su farantin ƙarfe mai igiya, dariya za su yi. Kenya da Habasha daga irin waɗannan gidaje suka tsamo zakarunsu, ta hanyar gasar makarantun firamare da sakandare da sansanonin horo na soja da 'yan sanda. A jihar Neja, yaron da ke taka kilomita da yawa kullum zuwa makaranta, in ya yi sa'a malamin wasanni ya hango shi ranar gasar gidaje ta shekara-shekara, a ba shi bokitin roba ko kofi, a tafa masa, sai kuma baɗi.