Murya da Kalma: Waƙoƙin Azumin Kirista da Ista daga Roma zuwa Kudancin Kano

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nazarin wata tsohuwar matsala ta waƙar ibada, wato yadda daɗin murya kan danne kalmar da ake rerawa.

A ranar Juma'ar tunawa da gicciye Almasihu ta shekarar 1555, Paparoma Marcellus na II ya kira mawaƙan fadarsa, ya umarce su da su riƙa rera waƙar makoki yadda za a ji kalmomin a fahimta. A zamanin nan akan haɗa muryoyi huɗu ko biyar ko shida, kowace na bin layinta, har Latin ɗin ya ɓace a tsakani. Cikin mawaƙan fadar a lokacin akwai Palestrina. Ana cewa waƙarsa mai ɗauke da sunan Paparoman, wadda aka buga a 1567, ita ta hana a haramta irin wannan salo. Wannan kam ƙari ne na 'yan baya. Amma dai an sauya hannu. Waƙoƙin Mako Mai Tsarki da Victoria ya buga a Roma a 1585 sun fi fito da kalma fili. Shi kuwa Schütz, da ya tsara labarin tashin Almasihu a Dresden a 1623, da Jamusanci ya yi shi, harshen masu saurare.

To, mu dawo gida. A ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa akwai Hausawa Kirista, galibinsu zuriyar Maguzawa. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, Katolika kuma suka sami damar yin ibada da harshen gida bayan dokar 1963. Sai dai fassara ba ta kashe matsalar ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. In aka ɗora kalmominsa a kan karin waƙar Turai, gaɓar da ya kamata ta hau sai ta sauka, gajere ya zama dogo.

A ganina matan zumunta ne suka fi kusa da warware ta. Jagora ta bayar, saura su amsa, ana kaɗa tulu da caki, karin waƙar yana bin karin magana, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafin waƙoƙi ba takan haddace labarin tashin Almasihu daga amshi.