Maɓallin Hoto a Takardun Cikewa na Intanet

Maɓallin hoto wani ɗan hoto ne da ake sanyawa a ƙarshen takardar cikewa ta intanet, wanda mutum ke latsawa don aika bayanan da ya rubuta. A madadin kalmomin Faransanci irin su "Envoyer" ko "Valider", sai a ga kibiya ko ambulan.

Asalinsa

Dabarar tana cikin ƙa'idar HTML 2.0, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, wadda ta fito a watan Nuwamban 1995. Mai gina shafi yana rubuta input type="image", ya nuna inda hoton yake da src. A watan Disamban 1997, ƙa'idar HTML 4.0 ta zo da button, wanda ke ba da damar haɗa hoto da rubutu a maɓalli guda.

Yadda yake aiki

Da an latsa hoton, bayanan takardar za su tafi tare da lambobi biyu, x da y, masu nuna daidai wurin da yatsa ya taɓa. Da su ne ake gane garin da mutum ya zaɓa idan hoton taswira ce.

Amfani da haɗari

Ga ɗan kasuwar albasa a Madawa da bai yi lakkal ba, kibiya ta fi kalmar Faransanci saurin fahimta. Sai dai hoto ya fi rubutu nauyi. A ƙauyukan Buza da Keita, idan rezo ya yi rauni, rubutu kan bayyana a wayar salula, hoto kuwa ya maƙale. Mai neman aiki ko mai rajistar jarrabawa zai iya cike komai, ya rasa inda zai latsa, ga kuɗin intanet na ƙonewa, ga wa'adi na ƙaratowa.

Magani

Maganin shi ne alt, gajeren rubutun da ke bayyana idan hoto bai buɗe ba, kuma shi ne manhajar karanta allo ke furta wa makafi. Ƙa'idojin WCAG 2.0 da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun buƙaci a sanya shi. Ya kamata rubutun ya faɗi aikin maɓallin, misali "Aika takarda", maimakon siffar hoton.

Shi kuma mai cikewa, idan bai ga maɓallin ba, kada ya yi saurin sabunta shafin, domin abin da ya rubuta na iya gogewa. Gara ya matsa inda rezo ke da ƙarfi, ya ɗan jira.