Gobind Singh (1887–1942)

Gobind Singh sojan doki ne daga ƙasar Indiya, wanda ya samu Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a Daular Birtaniya, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An haife shi ranar 7 ga Disamba 1887 a ƙauyen Damoi, yankin Nagaur na Rajasthan, cikin zuriyar Rathore ta Rajput. Asalin rundunarsa ita ce 28th Light Cavalry, amma a Faransa an haɗa shi da 2nd Lancers, yana riƙe da muƙamin da ya yi daidai da kofur.

Sunansa ya fito ne a yaƙin Cambrai. Birtaniya ta buɗe farmaki da tankoki ranar 20 ga Nuwamba 1917, Jamusawa suka mayar da martani ranar 30. Wasu labaran sukan ɗora bajintarsa a kan kwana biyu, amma ranar 1 ga Disamba abin ya faru. A ranar rundunarsa ta tsinci kanta a tsaka mai wuya gabas da Peizière. Tsakaninta da hedikwatar birged akwai mil ɗaya da rabi na fili fetal, a idon abokan gaba. Dole wani ya kai saƙo, Gobind Singh ya ce shi zai je.

Bai yi nisa da sukuwa ba harsasai suka kayar da dokinsa, ya ƙarasa a ƙafa. Aka ba shi wani doki da amsa, shi ma aka harbe shi a hanya, ya sake isa a ƙafa. Karo na uku ma haka: doki ya mutu, saƙo ya isa. A ganina tafiya ta uku ce ta cancanci lambar, domin mutumin da aka kashe wa doki biyu ya riga ya san abin da ke jiransa a filin nan, amma ya sake hawa sirdi.

Sarki George na Biyar ne ya maƙala masa lambar a Fadar Buckingham ranar 6 ga Fabrairu 1918. Cikin sojojin Rundunar Indiya 11 da suka same ta a wannan yaƙi, ban da hafsoshi Turawa, biyu kaɗai ne mahaya: shi da Badlu Singh, wanda ya kwanta dama a bakin Kogin Urdun a Satumba 1918.

Daga baya ya kai muƙamin jemadar. Ya rasu ranar 9 ga Disamba 1942.