Injin Niƙa da Yaran Dareta

Duk wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa ya san ƙarar injin niƙa. Tun da hantsi yara ke jera kwanonin dawa da gero da masara a bakin rumfarsa, mai injin kuwa ya yi fari fat tun daga gira har ƙafa. Kafin zuwansa aikin na mata ne, da dutsen niƙa da turmi da taɓarya, kuma ba ƙaramin hutu ya kawo musu ba. In an yi gargaɗi a kansa, bai wuce a ce kada yaro ya matsa kusa da bel, ko mai injin ya naɗe hannun rigarsa ba. Amma wannan na'ura da kowa ya saba da ita tana cikin manyan dalilan mutuwar yara kimanin 400 a yammacin Zamfara a 2010, a annobar gubar dalma da ake lissafa ta cikin mafi muni da duniya ta gani a wannan zamani.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da abin da ba su zo nema ba. A 'Yargalma da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta da ke ƙaramar hukumar Anka, ƙananan yara na ta mutuwa bayan amai da taune-taune da suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, babu wanda ya yi aiki. Sai da aka aika da jinin yaran waje aka auna, sannan aka gane dalma ce. A watan Mayu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta haɗu da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya aka bi ƙauyukan biyu gida-gida. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda: ɗaya cikin kowane huɗu. Waɗanda ke raye kuma, kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka auna suna da maikurogiram 45 ko fiye na dalma a kowace desilita ta jini, wato matakin da likita ke fara ba da maganin cire guba. Na'urar awon da aka zo da ita iyakarta 65, kuma jinin mafi yawan yaran ya zarce abin da take iya karantawa.

Zinariya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Duwatsun da suka ratsa Anka da Bukkuyum har zuwa wajajen Gummi suna cikin jijiyoyin zinariya na arewa maso yammacin Nijeriya. Tun 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta fara rubuta adadin zinariyar da ake haƙowa a ƙasar, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya kwantar da ita. Abin da ya tashe ta daga barci shi ne kasuwar duniya. Oza guda da ake sayarwa ƙasa da dala 300 a 2001 ta haura dala 1,000 a watan Maris na 2008, ta wuce 1,400 kafin 2010 ta ƙare. Manomin da ke zaman jiran damina tsawon rani sai ya ga buhun dutse na iya kawo masa abin da gona ba ta kawowa. Wanda ya ga laifinsa bai san talaucin karkara ba.

Sai dai zinariyar da ke cikin dutse ba irin wadda ake tacewa daga yashin rafi ba ce. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, a maƙale cikin farin dutse mai tauri, kuma ba sa rabuwa da shi sai an mayar da dutsen gari. Don haka sai a farfasa shi da guduma ya koma tsakuwa, a niƙe tsakuwar, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta tattaro zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi ta bar abin da ake nema. Turmi da taɓarya na iya wannan niƙa, amma da jinkiri da ciwon kafaɗa. Injin niƙan hatsi, mai aiki da fetur a garuruwan da wutar lantarki ba ta kai ba, yana yi cikin ɗan lokaci abin da hannu zai wuni bai gama ba. Ga shi a kusa, ga masu gyaransa, ga kayan gyaransa a kasuwa. Babu wani injiniya da ya tsara wannan canji. Dabara ce ta mutanen da suka duba abin da ke hannunsu suka yi amfani da shi.

Abin da ba a sani ba shi ne wasu jijiyoyin da aka fara haƙa a wannan lokaci cike suke da dalma. Asalinta dutsen nan ne mai walƙiya da Bahaushe ya daɗe yana niƙawa ya yi tozali, amma ruwa da iska na dubban shekaru sun sauya yawancinsa zuwa wani nau'i da ruwan cikin ɗan Adam ke narkarwa cikin sauƙi, kamar yadda masanan duwatsu na gwamnatin Amurka suka nuna daga baya. Muddin tana cikin dunƙulen dutse, cutarwarta kaɗan ce. Injin ne ya mayar da ita gari mai laushin da iska ke ɗauka, kuma ya yi haka da yawan da turmi ba zai taɓa kaiwa ba.

Sannan aikin ya shigo gida. Dutse mai daraja ba a barinsa a daji, kuma matan da ke cikin kulle su ma suna son nasu rabon, sai ana kai musu suna dakawa da shanyawa a tsakar gida. Binciken CDC ya samu kusan kashi biyu bisa uku na gidajen ƙauyukan biyu ana sarrafa dutsen a cikinsu. Ƙurar ta sauka a ƙasar da jariri ke rarrafe, a kan shanyar hatsi, a kududdufin da dabbobi ke sha. Turmin da ya daka dutse shi ke daka gero, injin da ya niƙa tsakuwa shi ke niƙa dawa. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan na ƙasa. A wasu wuraren Zamfara an sami fiye da 100,000, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar dalma ce zalla. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to a Dareta ba haka aka yi ba. Manyan da ke aikin sun sha wahala, amma yaro ne ke kai hannu baki sau ba adadi a wuni, hanjinsa ya fi na babba tsotsar dalma ninki da yawa, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa.

Abin da ya faru ya fallasa wani gibi a yadda ake tunanin haɗarin injin aiki tun farkonsa. Kamfanin Fein na birnin Stuttgart a Jamus ya ƙera injin huda na hannu mai aiki da lantarki a 1895. A 1917 Black & Decker na Amurka suka yi rajistar irin da kowa ya sani yanzu, mai mariƙi da kunama kamar bindiga. Daga nan duk wata kariya da aka ƙirƙiro tana duban mutum ɗaya ne, wato mai riƙe da injin. An ƙara waya ta uku mai kai wuta ƙasa idan ta zille cikin gangar jikin na'ura, ita ce dogon ƙarfen da ke saman filogi mai ƙafa uku da Nijeriya ta gada daga Birtaniya. An zo da jikin roba mai rufi biyu, wanda alamarsa murabba'i ne cikin murabba'i. An zo da makashin da ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. Ƙa'idojin da ake koya wa kafinta da mai walda su ma haka suke: a duba waya kafin a jona, kada a ɗaga inji da wayarsa, a zare filogi kafin a canza faifai, kada a cire murfin kariya, kada a tsira tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana. Dukkansu daidai ne, kuma duk wanda ya zaga layin kafintoci a Gusau ko Kano ya san ana karya su kullum. Amma ko da mai injin Dareta ya kiyaye kowace ɗaya, da ba ta ceci yaro ko ɗaya ba, domin wuta da faifai suna cutar wanda ya taɓa su ne, ƙura kuwa tana bin wanda bai taɓa komai ba har ɗakin uwarsa.

Duniya ta riga ta sayi wannan darasi da tsada. A ma'adinan zinariya na Johannesburg a farkon ƙarni na 20, injinan huda dutse masu aiki da matsattsiyar iska sun cika ramuka da ƙurar da ke cinye huhun mahaƙa cikin 'yan shekaru, har Afirka ta Kudu ta yi dokar biyan diyya a kan cutar a 1912. A farkon shekarun 1930, wajen haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, an huda dutse a bushe don sauri, ɗaruruwan leburori suka mutu, mafi yawansu baƙar fata. Alhali tun ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke mai suna John George Leyner ya ƙera injin huda mai rami a tsakiyar ƙarfensa, wanda ake tura ruwa ta ciki ya kwantar da ƙura tun daga bakin dutse. Maganin ya girmi annobar Zamfara da fiye da shekara ɗari.

Gyaran ɓarnar ya fi yinta wuya nesa ba kusa ba. MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka tana ba da maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa shi ciwo. Dole aka fara da share gidaje. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan muhalli na jiha da matasan garuruwan, suka bi gida-gida da fartanya da shebur suna kankare saman ƙasa, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a shimfiɗa sabuwa. Tsakanin 2010 da 2011 an gama da ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Masarautu da hakimai suka taimaka wajen fitar da niƙan dutse daga cikin gari.

Bagega, wadda ta fi su girma kuma ita ce cibiyar niƙan, ta zauna jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, watanni suka shuɗe ba a saki ba, yara kimanin 1,500 na zaune ba a iya fara musu magani. Sai da Human Rights Watch da MSF suka matsa, wasu matasa ƙarƙashin Hamzat Lawal suka ɗauki zancen zuwa intanet da taken ceton Bagega, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. Wannan jinkiri ba shi da wani uzuri, tunda an san cutar, an san maganinta, an kuma san farashinsa. Da aka kammala, an kwashe fiye da mita 27,000 mai kusurwa uku ta gurɓatacciyar ƙasa daga garuruwa takwas.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2015 irin wannan ta ɓarke a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, kuma dalilin bai canza ba. Daga nan aka koma kan injin kansa. MSF da ƙungiyar Occupational Knowledge International suka yi aiki da mahaƙan zinariya, suka ɗaura ƙananan bututun feshi a bakin injinan niƙa da wuraren fasa dutse, suka gina wurin wanka da canza tufafi don kada mutum ya kai ƙura gida a jikin rigarsa. Awon da suka wallafa ya nuna feshin ya rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutse mai cin huhu kuma da kusan 80. Kayan aikin bai wuce tanki da famfo da bututu ba.

Doka kuwa ta bi wata hanyar. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta fitar da ƙura daga wurin aiki, amma mai duba masana'antu ba ya zuwa rumfar niƙa, balle tsakar gidan matan aure. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Haramcin bai hana haƙa ba, sai dai ya sa mai injin ya daina son a san inda yake, kuma wanda ke ɓuya ba a iya koya masa ɗaura bututun ruwa. A farkon 2022 MSF ta miƙa shirin gubar dalma ga gwamnatin jiha, bayan ta auna jinin yara fiye da 8,000 cikin shekara goma sha ɗaya. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu da makanta ko shanyewar gaɓa ko raunin fahimta da magani ba ya mayarwa. An ɗage haramcin a watan Disamba na 2024, lokacin da ozar zinariya ta haura dala 2,600, fiye da ninki biyu na farashin da ya sa aka fara zuba tsakuwa a injin hatsi.