Asalin Gasar Dinah Shore da Tsalle Cikin Tafki

A ƙasar Amurka, cikin hamadar Kalifoniya, akwai wani gari da ake kira Rancho Mirage. A nan ne a shekarar 1972 aka fara wata gasar golf ta mata, wadda yau ake kira Chevron Championship. Masu tsohon sani kuwa har gobe Dinah Shore suke ce mata.

Ga yadda abin ya samo asali. Tun 1950 mata goma sha uku suka kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf mata, wato LPGA. Sun yi shekara ashirin da 'yan kai suna fama, daga wannan gari zuwa wancan, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Ana nan sai David Foster, shugaban kamfanin Colgate-Palmolive mai yin sabulu da man goge baki, ya lura cewa yawancin masu sayen kayansa mata ne. Ya nemi Dinah Shore, mawaƙiya mai shiri a talabijin, ya roƙe ta ta ba gasar sunanta. Ita a lokacin tanis take bugawa, amma da ta amsa sai ta ɗauki sanda ta koyi golf, ta riƙe al'amarin hannu biyu har ƙarshen ranta.

Kuɗin da aka sa a shekarar farko dala 110,000 ne, fiye da ninki biyu na abin da ake sawa a manyan gasannin mata na zamanin. Jane Blalock ce ta cinye. A ganina wannan kuɗi da haska wasan a talabijin su ne suka sa aka fara duban matan nan a matsayin masu sana'a. A 1983 aka shigar da gasar cikin manyan gasanni, Amy Alcott ta ɗauki kofin.

To, ina tsalle ya fito? Kusa da rami na 18 a filin Mission Hills, inda ake buga gasar a lokacin, akwai tafki. A 1988, da Alcott ta sake cinyewa, murna ta kwashe ta, ta kama hannun mai ɗaukar mata jakar sanduna, suka ruga a guje suka faɗa cikin ruwan tsundum, da kaya da takalmi. Ba wanda ya shirya haka. Da ta ci ta uku a 1991, Dinah Shore da kanta ta bi ta cikin ruwan, tana da shekara saba'in da biyar a duniya. Shore ta rasu a farkon 1994, kuma Donna Andrews da ta yi nasara a wannan shekara ta faɗa tafkin don tunawa da ita. Tun daga nan duk wadda ta ci sai ta yi tsalle, in ta fito a jiƙe sharkaf a yafa mata farar riga. A 2006 aka raɗa wa wurin suna Poppie's Pond, don girmama Terry Wilcox, wanda ya daɗe yana shugabantar gasar, wanda kuma jikokinsa ke kira Poppie.

Suna kam ya sha canji, domin mai kuɗi shi ke raɗawa: Colgate, Nabisco, Kraft, kamfanin jiragen sama na Japan ANA a 2015, sannan Chevron a 2022. A 2000 aka cire sunan Dinah Shore daga gasar, abin da bai kamata a yi wa matar da ta raine ta ba.

Jennifer Kupcho ce ta ƙarshe da ta faɗa tafkin Mission Hills, a 2022. Shekarar da ta biyo aka kwashe gasar zuwa kusa da Houston a jihar Texas, inda Lilia Vu ta cinye, ita ma ta faɗa ruwan da ke gefen rami na 18 na sabon filin.